Baƙar Mota, Ruwan Burtsatse da Jarka Uku: Yadda Ɗauraya Ta Kusa Jawo Sabon Fenti a Sakkwato

Yayana ya sayi motar a watan Oktoba. Baƙar Corolla ce 'yar Kwatano, fentinta na kamfani, hannun mai gyara bai taɓa hawa kanta ba. Ranar da aka kawo masa ita Sakkwato, inda yake aiki, ya turo mini hotonta, ana ganin rassan darbejiyar ƙofar gidansa a kan boneti kamar a madubi. Watan Fabrairu bai ƙare ba ya kira ni rai a ɓace. Ya ce motar ta dushe, baƙin ya koma ruwan toka, ga wasu fararen tabbai da suka ƙi fita ko an wanke. Ya kai wa mai fenti, shi kuma ya shafa hannu a boneti ya ce, "Alhaji, rana ta cinye wannan. Boneti da rufi da but sai dai a sake fesawa."

Kafin in ce komai Yaya ya riga ya yanke hukunci: laifin babban ɗansa ne, yaro ɗan shekara 16 da ke wanke motar duk Asabar. Wai ganganci yake yi, wai ba ya sa zuciya. Abin ya tsaya mini a rai, domin na san yaron, kuma na san ba malalaci ba ne. Da ma ina da tafiya Sakkwato a makon, sai na ce masa, "Yaya, kada a taɓa fentin nan, kada kuma a ƙara yi wa yaron faɗa, sai na zo na ga yadda ake wankin da idona."

Abin da na gani ranar Asabar

Ban ce wa yaron komai ba, na ɗauki kujera na zauna a inuwa. Sai wajen ƙarfe 11 ya fara, don sai ya dawo daga Islamiyya. Motar tana tsakiyar rana tun safe. Mai ruwa ya sauke jarka uku, kowace lita 25, daga wata burtsatse da ke bayan layi.

Ya zuba kamar rabin jarka a bokiti ɗaya, ya barbaɗa omo, ya kaɗa har kumfa ta taso. Ya ɗauko tsohuwar singileti ya tsoma, ya ɗora a kan rufin motar da ke lulluɓe da ƙurar mako guda, ya fara cuɗawa yana zagayawa da hannu. Ko ɗigon ruwa bai taɓa motar ba kafin tsumman. Daga inda nake zaune ina jin wani siririn sauti, shuu shuu, irin na mai goge ƙwarya da yashi. Ya gama rufi ya sake tsoma tsumman cikin bokitin nan, ya yi boneti, ya sunkuya ya yi ƙasan ƙofofi inda laka ta bushe, ya sake tsomawa, ya dawo kan but. Kafin ya zagaye motar, ruwan bokitin ya koma kalar kunun kanwa, kumfar da ke kan rufi kuwa ta bushe ta bar zane.

Daga nan ne ya zo kan abin da shi yake ɗauka ɗauraya. Ya riƙa ɗebo ruwa da moda yana watsawa da ƙarfi daga nesa, fatsal fatsal, har jarka biyu suka ƙare. Rabin ruwan a ƙasa ya zube. Wanda ya sami motar ya tarwatse ya zama dubban ɗigo-ɗigo a kan baƙin ƙarfe mai zafi. Sai ya bar ta haka ya koma kan tayoyi da sauran rabin jarka, yana dirza su da buroshi a tsanake, don ya san babansa yana son ganin taya baƙa wuluk. Na duba agogo, minti 12 ya yi a kan tayoyi. Da ya miƙe, babu sauran ɗigo ko ɗaya a kan boneti. Iska da rana sun shanye. Ya matse singiletin nan ya bi jikin motar da ita.

Gumi yake yi sharkaf. Ya kalle ni ya ce, "Baffa, ka gani ko? Wallahi iya ƙoƙarina nake yi, amma da ta bushe sai ta yi fari." Gaskiya ya faɗa. Ƙoƙari bai gaza ba, ba a dai taɓa nuna masa inda ake sa ruwa ba.

Tabo iri biyu, kowanne da sanadinsa

Da magariba na haska boneti da fitilar waya. A kewayen hasken sai ga siraran zane-zane masu zagaye, kamar saƙar gizo-gizo, sun cika ko'ina. Wannan shi ne abin da ya kashe ƙyallin. Ban da su kuma akwai fararen zobba ƙanana, kowanne girman ƙwayar gero zuwa na wake, sun fi yawa a boneti da rufi da but, wato wuraren da ruwa ke kwanciya. A ƙarƙashin madubai da hannuwan ƙofa kuma fararen layuka ne dogaye, kamar sawun hawaye.

Zanen gizo-gizon aikin ƙura ne. Ƙurar hunturu da muke sha daga Nuwamba zuwa Maris ba gari ba ce mai laushi kamar yadda ido ke nunawa. Iskar arewa maso gabas ce ke ɗebo ta daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafki, kuma cike take da ɓarɓashin dutsen da ake samu a yashi. A ma'aunin taurin duwatsu mai hawa 10, wannan dutse yana hawa na 7, gilashi kuwa yana wajen 5 da rabi. Shafen da ke saman fentin mota, wanda masu fenti ke kira kiliya, ko kusa da taurin gilashi bai kai ba, kuma kaurinsa bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu. Duk wanda ya ɗora tsumma a kan wannan ƙura ya cuɗa, to sanfefa ya yi wa motarsa, ko da tsumman alharini ne. Daga baya na gano maigadi ma kullum da safe yana bin motar da busasshen ƙyalle don ya faranta wa maigida. Wata huɗu ana haka.

Fararen zobban kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Na shiga madafa na roƙi matar Yaya ta nuna mini butar da take dafa ruwan shayi. Gindinta ya yi farin ɓawo mai kauri, har yana ɓamɓarowa da farce. Ta ce ai duk wata sai ta kankare. Wannan ba abin mamaki ba ne a Sakkwato. Ƙasar yankin tana da dutsen farar ƙasa, shi ne ma ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti, kuma ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yana narkar da sinadaran kalsiyam da maganiziyam ya taho da su. Ruwan garau yake a ido. Amma idan ɗigo ya bushe, ruwan ne kawai ke tashi, sinadarin yana nan zaune, ya taru a bakin ɗigon ya bar zobe. Abin da ke gindin buta shi ne a kan boneti.

Don Yaya ya gani da idonsa, na ɗauki baƙin faranti na ɗiga ruwan jarka a gefe ɗaya, na ɗiga tataccen ruwan da ake ƙara wa batir a ɗaya gefen, na ajiye a rana. Bayan 'yan mintuna gefen jarka ya bar fararen zobba, ɗaya gefen kuwa kamar ba a ɗiga komai ba. Ya daɗe yana juya farantin bai ce uffan ba.

Zafi ne ke mayar da wannan tabo mugu. Baƙin ƙarfe a ranar Sakkwato yana iya haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, kuma a hunturu iska ta bushe ƙarau, ɗigon ruwa ba ya minti biyu. Idan tabon ya kwana ya wuni a rana, mako bayan mako, sai ya fara cin kiliya ya bar ɗan rami. Na jiƙa auduga da ruwan khal da na haɗa rabi da rabi da ruwa, na ɗora a kan wani gefe na but na minti ɗaya, na ɗauraye. Zobban wurin suka tafi. Na gwada a tsakiyar boneti, inda zafin inji ke haɗuwa da na rana: farin ya tafi, amma inuwar zoben tana nan. Waɗannan sun riga sun ci.

Ba rana ce ta cinye fentin ba, ke nan. Ban ga laifin mai fenti sosai ba, abin da ya gani ya faɗa, kuma fesawa ce sana'arsa. Amma da an fesa, aka ci gaba da wanki yadda ake yi, da kafin wani hunturun an koma gidan jiya, ga kuma fentin kamfani an rasa har abada.

Jarka ukun nan dai

Abu na farko da Yaya ya tambaya shi ne ko sai an ƙara ruwa. A gidan da ake sayen kowace jarka, wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma duk shawarar da ta ce a saki tiyo yana kwarara rabin awa ba ta gidanmu ba ce. Na ce a'a. Lita 75 ɗin nan sun isa, sai dai a sauya inda suke zuwa. Da, kusan lita 50 ake watsawa a ƙarshe, lokacin da ɓarna ta riga ta auku, ba a sa ko ɗaya a farko.

Washegari Lahadi muka fito bayan sallar Asuba, gari ya fara haske, ƙarfe yana da sanyi. Na koya wa yaron ya riƙa ɗora bayan hannunsa a boneti: in bai iya barinsa a kai ba, ba lokacin wanki ba ne.

Tayoyi muka fara yi, da bokitinsu daban da buroshinsu daban, lita 5 kacal. Dalili biyu ne. Dattin taya da baƙar ƙurar birki idan sun fantsamo kan jiki, gara su fantsamo kan jikin da ba a wanke ba. Sannan ba za a sake barin jiƙaƙƙiyar mota tana bushewa ana can ana fama da taya ba.

Sai ɗauraya ta farko, wadda a ganina ita ce rabin aikin duka, kuma ita muka ba jarka guda cur. Babu famfo mai ƙarfi a gidan, don haka muka ari butar ban ruwan lambu, mai kai mai huji-huji. Yaron ya hau kan benci ya fara daga tsakiyar rufi, yana tafiya da ita a hankali, ruwan yana sauka kamar yayyafi yana gangarowa ta gilasai. Daga rufi zuwa gilasai, zuwa boneti da but, sannan ƙofofi. Na sa ya tsaya ya kalli ruwan da ke ɗiga daga ƙasan ƙofa. Ja ne, kalar ƙasa. "Duk wannan," na ce masa, "da a cikin tsummanka zai shiga." Muka ba ta minti biyu ƙurar da ta manne ta jiƙa ta saki, muka sake bi karo na biyu da sauran ruwan, muka fi ba ƙasan ƙofofi da bayan tayoyi da bamba ta baya, inda ƙura ta fi taruwa. A karo na biyu ruwan da ke sauka ya kusa yin fari. Har zuwa nan hannu bai taɓa fenti ba.

Mun ajiye omo. Ba shi da laifi a wurin da aka yi shi dominsa, an yi shi ne ya cire maiƙo daga tufafi, shi ya sa yake kwashe kakin da ke kare fenti, kuma in ya bushe yana barin nasa farin. Muka sayo sabulun ruwa na wankin mota da tawul masu laushi irin na maikirofaiba guda uku. Bokiti biyu, kowanne lita 10: ɗaya na kumfa, ɗaya ruwa zalla. Wannan na biyun shi ma ɗauraya ce, ta tawul. Duk sanda aka gama wani sashe, sai a tsoma tawul a ruwa zalla, a murza, a matse a ƙasa, sannan a koma bokitin kumfa. Hannu kuma ya riƙa tafiya a miƙe, gaba da baya, ba zagaye ba, ba dannawa. Da muka gama na sa yaron ya zubar da ruwan bokiti na biyu a hankali ya shafa gindinsa. Yashi ya ji a yatsunsa, duk da ɗaurayar farko da muka yi. Daga ranar ban sake buƙatar yi masa bayanin amfanin bokiti biyu ba.

Ba mu jira an gama sabulu duka ba kafin a ɗauraye. Rufi, a ɗauraye. Gilashin gaba da boneti, a ɗauraye. Gefe ɗaya, a ɗauraye. A busasshiyar iskar hunturu kumfa ba ta jira, kuma duk wurin da aka gama ana ɗan yayyafa masa ruwa don kada ya bushe kafin a zo tsanewa. Wannan ya ci lita 15. Ƙaninsa ɗan shekara 12 ya riƙe buta yana bin sa a baya, aikin ya yi sauri ƙwarai.

Ɗauraya ta ƙarshe, da abin da bai yi aiki ba

Saura lita 10. A nan ne aka fi samun kuskure a gidaje, kuma a nan muka fi daɗewa. Watsa ruwa da ƙarfi yana farfasa shi ya zama ɗigo, kowane ɗigo kuma zobe ne mai zuwa. Abin da ake so shi ne ruwan ya sauka a shimfiɗe kamar mayafi, ya ja sauran ɗigon da ke kan hanyarsa su tafi tare. Mai tiyo sai ya cire kan feshin, ya rage ƙarfin famfo, ya kusanto da bakin tiyon dab da fenti. Mu da ba mu da famfo, muka ɗora jarka a kan katanga, muka zura guntun tiyo muka zuƙo, ruwan ya riƙa fitowa a hankali da kaurin yatsa. Aka fara daga saman kowane sashe ana tafiya gefe zuwa gefe ana sauka.

Ranar farko bai yi yadda na so ba. Ruwan ya kwanta a boneti ya ƙi gangarawa, saboda wata huɗu na omo sun kwashe kakin gaba ɗaya, fentin ya zama tsirara yana riƙe ruwa. Sai bayan an shafa kaki a mako na gaba dabarar ta nuna kanta: tiyo yana wucewa, wurin yana bushewa a bayansa, sai 'yan ɗigo da ba su fi a ƙirga ba.

Na kuma ba da shawarar a tara ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a yi ɗaurayar ƙarshe da shi, tunda daga iska yake fitowa, babu sinadarin dutse a cikinsa. Shawarar daidai ce amma ba ta wannan lokaci ba. A hunturu ba a ma kunna na'urar, a bazara kuma kafin iskar damina ta juyo, iskar ta bushe har abin da ke ɗiga bai taka kara ya karya ba. Sai da damina take cika bokiti, lokacin kuwa ga ruwan sama, wanda shi ma ba ya barin zobe in an tare shi bayan rufin kwano ya wanku. Mun gwada tafasa lita 10 a kan gawayi, muka bar shi ya kwana, muka tsiyaye na sama. Tabon ya ragu a gwajin faranti, domin tafasa tana sa wani kaso na sinadarin ya kwanta, amma bai ɓace duka ba, kuma ba na jin akwai gidan da zai jure wannan wahala duk mako. Muka bar shi.

Abin da ya rage, kuma shi ne ya yi aiki, shi ne kada a bar ɗigo ko ɗaya ya bushe da kansa. Ana ajiye tiyo, a ɗauki busasshen tawul, a shimfiɗa a rufi a ja shi a hankali, sannan boneti da but, sannan gefen da rana za ta fara bugawa. Bayan haka a buɗe ƙofofi huɗu da but da murfin tanki a tsane bakinsu, a naɗe madubai a matse ruwan da ke ɓoye a ciki. Daga waɗannan wurare ne sawun hawayen nan ke fitowa bayan an ɗauka an gama. Yaya kan zagaya layi da ita sau ɗaya yana taka birki a hankali, ruwan da ya jiƙa birki ya bushe, na cikin lunguna ya fito, a bi da tawul.

Wani maƙwabci ya yi tayin aron injin feshin ruwa. Yana da amfani ƙwarai a ɗaurayar farko da kuma fitar da laka daga ƙarƙashin madigadi da damina, in dai an ja baya kamar santimita 30 kuma ba a nufi robobin gilashi ko wayoyin inji ba. Amma ba ya maganin zobba, don ruwan dai shi ne.

Inda aka kwana

Ruwan khal ya cire mafi yawan fararen tabban a rufi da but da gilasai, sashe-sashe, a inuwa, ana ɗaurayewa nan take. Zanen gizo-gizo da zobban da suka ci boneti kuwa babu ɗaurayar da za ta mayar da su. An kai wa mai goge fenti da inji ya bi sau ɗaya, sama-sama, bayan na ja masa kunne cewa kowace guga tana rage kaurin kiliya. Sannan aka shafa kaki. Ba a fesa ko'ina ba. In ka haska fitila a tsakiyar boneti har yanzu za ka ga zobba biyar ko shida da suka yi zurfi, muka bar su, don cire su zai ci kiliya fiye da kima.

Na koma Sakkwato cikin watan Mayu, ana tsakiyar zafi. Wankin ya koma safiyar Lahadi, jarka uku kamar da, kuma yaron yana gamawa cikin minti 40. Rufi da but babu sabon zobe. A ƙofar direba da gilashin baya dai na ga sabbin zane kaɗan, muka bincika, ashe maigadi bai daina bin ta da busasshen ƙyalle ba in ya ga ƙura ta yi yawa, don a ganinsa barin motar maigida da ƙura rashin kyautawa ne. Yaya ya zaunar da shi ya yi masa bayani da kansa, ya kuma sayo rigar mota ana lulluɓe ta da dare bayan an wanke.

A gabana ya ce wa ɗansa, "Na yi maka faɗa a kan abin da ni ma ban sani ba, ka yi haƙuri." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba." Yanzu akwai duro mai murfi a bayan gida, an wanke shi an kafa a ƙarƙashin indararo, ana jiran ruwan farko ya wanke kwano a fara tarawa.